Tayar Kwalta a Kan Daɓen Dubai

Sai da na kwana uku a Dubai kafin na gane aikin da na zo yi babu shi. Ejan ɗin da ya yi mini biza a Kano cewa ya yi wata makaranta ce ke neman wanda zai koya wa 'ya'yan Larabawa tafiya da takalmin taya, har hoton filin ya nuna mini a wayarsa. Tun daga filin jirgi nake kiran lambar da ya ba ni, tana shiga ba a ɗauka. A rana ta uku aka ɗauka, wani Ba'indiye ya ce shi kifi yake sayarwa, don Allah in ƙyale shi ya ji da kasuwarsa. Na kira ejan, wayarsa a kashe. Har yau da nake wannan rubutu a kashe take.

A lokacin ina unguwar Hor Al Anz, a wani ɗaki da aka jera gadaje masu hawa biyu, mu tara a ciki. Wani direba ɗan Gusau ne ya tsince ni a masallaci, ya ce in zo in raɓa kafin Allah ya kawo mafita. In ya tafi aiki in hau gadonsa, in ya dawo in sauka. Ni kuwa mutum ne da zama ke yi wa wuya, tun ina yaro Baba yake cewa kazar da ke neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa. Gari na wayewa sai in fita da takarduna a leda, in yi ta bin tituna daga Deira har Satwa, in shiga shago in fito, kowa ya ce in bar lamba. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, turara mutum yake kamar an sa shi a madambaci. Na bar lamba a wurare da yawa, ba wanda ya kira.

Takalmin taya shi ne abin da na iya a duniya. Mu ne yaran nan da kuke zagi a Kano, masu kama bayan adaidaita sahu a titin Katsina muna sheƙa gudu. Ni da abokina Auwalu muka fara da takalmin gwanjo guda ɗaya, shi ƙafar dama ni ta hagu, har muka zama abin kallo daga Kurna zuwa Ƙofar Ruwa. Baba, wanda gyaran keken ɗinki yake yi a Fagge, ya tsani abin kamar me. Ya taɓa ƙwace takalmina ya kulle a shagonsa wata guda cur. Sai da zancen Dubai ya taso ya sassauto, ya ce in dai shirmen nan zai zama sana'a, to Allah ya sa albarka.

Saura 'yan kwanaki bizata ta ƙare wani kamfanin shara da goge-goge ya ɗauke ni. Aka ba ni yunifom ruwan toka, aka kwashe ni zuwa Muhaisnah, unguwar leburori da kowa ke kira Sonapur. A can na haɗu da Yaya Danladi, ɗan Zonkwa, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, kuma shi kaɗai ne a benenmu ke jin Hausa. Ranar da ya fara jin ina waya da gida, ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Wane ɗan Kano ne aka kawo mana nan?" Daga ranar duk Juma'a sai ya tuƙa tuwo ya aiko a kira ni, ya ce shi ba ya iya haɗiye miyar kuka shi kaɗai.

Ranar da aka fara kai ni wurin aiki na ɗauka tsokanata ƙaddara take yi. Wani katafaren ɗakin wasanni ne, a tsakiyarsa fili mai shuɗin daɓen roba, an kewaye shi da katanga iya ƙirji. A ciki ga mutane a kan takalmin taya, riƙe da sanduna masu lanƙwasasshen baki, suna bin wani ɗan faifan roba suna neman jefa shi a raga. Hoki ke nan. Mun taɓa kwaikwayonsa a Kano da sandunan gora da murfin galan, amma ban taɓa ganin na gaske ba. Na tsaya baki sake har sai da mai kula da mu, wani ɗan Masar da muke kira Mudir, ya danƙa mini mofar goge ƙasa ya ce, "Yalla, habibi, ba kallo aka kawo ka ba."

Na zo da takalmina daga gida. Wata rana da filin ba kowa, na roƙi wani ɗan Filifin mai koyar da yara a wurin ya bar ni in ɗan zaga, ya ce in shiga. Ni da nake ratsawa tsakanin tirela da tirela, ina zuwa juyawar farko sai ga ni a ƙasa, ƙafafu a sama. Na tashi na sake, na sake zubewa. Mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zo ya ɗaga ƙafata ya danna tayar da farcensa, ko alama ba ta yi ba. Ya miƙo tasa ya ce in danna. Farcena ya lotsa ta kamar tuwon madara.

A gida da farce muke gwada taya a kasuwa. In farce ya shiga, jabu ce, kwalta za ta cinye ta a mako guda, sai mu jefa wa mai shago abarsa har da baƙar magana. Taya ta gari a wurinmu ita ce mai taurin dutse. Ashe a kan daɓen roba labarin ya sha bamban: mai taushin ce ke kama ƙasa, mai taurin kuwa santsi take yi kamar an shafa mata sabulu. Ɗan Filifin ya ara mini takalminsa da hular kwano da sanda, na zaga filin nan kamar na tashi sama, har shi ma ya daina dariya. Na ba wani abokin aikina waya ya ɗauke ni hoto, na tura wa Baba. Ban rubuta komai a ƙasan hoton ba.

Da yamma ya kira, muryarsa cike da murna. "Nafi'u, ashe aikin ya tabbata?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba."

Iyakar abin da na faɗa da bakina ke nan, sauran ita ƙaryar ta yi ta girma da kanta. Baba ya nuna hoton a shago, ya nuna a ƙofar masallaci, kafin wata ya zagayo duk unguwarmu Koci ake ce mini. Mutumin da ya kulle takalmina shi ne yanzu yake gaya wa teloli ɗansa na koyar da 'ya'yan manya a Dubai. Kada dai in wanke kaina da yawa, duk bayan wata biyu sai na ari hular kwanon na sake tura wani hoton. Ina jin kunya in na tura, amma daɗin muryar Baba ya fi ƙarfin kunyar.

Masu wasa a wurin, taya na ɗan ci kaɗan sai su cire su watsa a kwandon shara, ni kuma nake kwashe sharar. Zuciyata ta kasa jurewa. Na tambayi Mudir, ya ɗaga kafaɗa ya ce shara ce, in na ga dama in dafa in ci. Na riƙa tsincewa ina wankewa ina tarawa a buhun shinkafa a ƙarƙashin gadona, ja da kore da rawaya, manya da ƙanana. Ban san me zan yi da su ba, don a Kano ko kyauta ba mai karɓa. Aka shiga shekarar kullen korona, aka rufe wurin, muka yi watanni a Sonapur muna kallon juna. Na kusa haukacewa. Zagaye tsakar gidan nake tun safe, har Yaya Danladi ya ce in na huda ƙasar in duba masa ko akwai man fetur.

Bayan an buɗe gari, wata safiya muka zo muka tarar ana rataye tutoci a bango. Mudir ya ce gasa za a yi, ba ta kulob ba, ta ƙasa da ƙasa, mako guda cur. Ina kan tsani ina goge gilashi na hango ana ɗaga kore da fari da kore, sai da na riƙe tsanin da hannu biyu. Kwana biyu tsakani saƙon murya ya shigo daga Auwalu. Shi bai bar takalmin taya ba, Legas ya koma ya ci gaba, ashe har an ɗauke shi cikin 'yan wasan ƙasa.

"Koci! Mutumina, ga mu nan tafe garinku! Ka shirya mana, ka ji? Kai ne idonmu a can. Baba ma ya ba ni saƙo in kawo maka."

Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Sannan na mayar masa cewa kash, a daidai makon nan za a tura ni Abu Dhabi da yarana, sai dai mu yi waya. Na je na roƙi Mudir ya mayar da ni wani ginin, ko banɗaki ne zan wanke. Ya ce, "Kai ka san daɓen nan, kai za ka riƙe shi. Kalas, magana ta ƙare." Abinci ya daina shiga. In zauna in tashi, in fita in dawo, in ɗauki waya in ajiye. Ranar Juma'a na zayyane wa Yaya Danladi komai, ya saurara yana suɗe hannu.

Ya ce, "Ɗan Kano, rabin mutanen Sonapur manajoji ne a garinsu. Ni kaina a Zonkwa injiniya ne."

"To ka gani, Yaya."

"Na gani mana. Sai dai ni 'yan wasan ƙasa ba su biyo ni wurin aiki ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa har an zo da fitila."

Abin da ya rage mini shi ne takunkumi, wanda a lokacin dole ne kowane ma'aikaci ya sa. Ranar da aka fara, na ja shi har ƙarƙashin ido, na danno hula har gira, na ce ko Baba ne ya zo sai ya tambaya. Da hantsi aka ba kowace ƙasa lokacin gwada fili, wasanmu na farko kuma sai bayan La'asar. Ina maƙale a lungu da bokitina suka shigo, su goma sha wani abu, cikin korayen riguna, 'yan Legas da 'yan Jos, ga Auwalu a tsakiya ya yi ƙiba har da gemu. Saura kaɗan in ƙwala masa kira. Na cije takunkumin ta ciki.

Suka shiga fili da ƙarfinsu. Gudun miƙe lafiya lau, ana zuwa juyawa sai na farko ya zube, na biyu ya hau kansa, na uku ya je ya rungumi katanga. Suka tashi suka sake, aka sake kwasar ƙasa. 'Yan wata ƙasar da ke jiran layi suka fara ciro wayoyi suna ɗauka suna ƙyalƙyata dariya. Kocinsu, wani ɗan Legas mai ƙaton agogo, ya nufi masu shirya gasar yana ɗaga hannu yana cewa an zuba wani abu a daɓen. Auwalu na zaune a ƙasa yana haki, ya nuno ni da sanda yana gaya wa wani ɗan Jos da Hausa:

"Wallahi wancan gajeren mai mofar ne ya zuba mana sabulu. Dube shi, sai sunkuyar da kai yake kamar munafuki."

Ban taɓa jin zagi ya yi mini daɗi da zafi lokaci guda kamar wannan ba. Shekara biyu rabona da jin muryarsa ba ta waya ba, ga shi da abin da ta fara tarbata.

Mudir ya taso fuska a murtuke, ya ce in shiga da busasshiyar mofa in sake bin filin a gaban kowa. Na shiga. Ina wucewa ta gefen Auwalu na saci kallon ƙafarsa, sai na ga abin da na riga na zata. Tayoyi sababbi ful, suna sheƙi, irin masu taurin dutsen nan da muke alfahari da su a gida. Na dubi ƙafar na kusa da shi, haka. Dukkansu haka.

Na ci gaba da tura mofa. In na yi shiru, za su yi ta faɗuwa a gaban duniya bayan La'asar, su koma gida su ce an yi musu maguɗi, ni kuma in ci gaba da zama Koci a Fagge. In na buɗe baki, kafin jirginsu ya sauka labarina ya riga shi. Na gama layi ɗaya na juyo, na gama na biyu na juyo, gumi na bin bayana duk da sanyin wurin. Na ce wa kaina ai ba ni na sa musu tayar ba. Na fita daga filin ban ce uffan ba, kuma ban ɓoye muku ba, har wata 'yar ajiyar zuciya na yi.

Auwalu ne ya fara komawa. Na san halinsa, in abu ya ƙi shi sai ya ƙara masa wuta. Ya ɗauko gudu daga wannan raga, ya zo ya karya kwana irin wadda muke karyawa a shataletale, ƙafafun suka tafi suka bar shi, ya daki katanga da fuska. Ƙarar ta cika ɗakin, har masu dariyar suka yi tsit. Ya zauna dafe da baki, jini na ɗiga a kan shuɗin daɓen. Goge jini kuwa aikina ne. Mudir ya yafito ni, na ɗauki tsumma na je na durƙusa a gabansa. Ina goga ina kallon jinin, sai na ji bakina ya riga ni.

"Ba daɓen ba ne, Auwalu. Tayarku ce."

Ya ɗago a firgice. "Wa ye wannan?"

Na ja takunkumin ƙasa.

"Nafi'u?" Ya ƙura mini ido. "Kai da kake Abu Dhabi?"

"Ga Abu Dhabin nan a hannuna," na ce, na ɗaga masa tsumman.

Ya dubi yunifom ɗina, ya dubi bokitin, ya dubi takalmin roban da ke ƙafata. Na ga lokacin da komai ya faɗo masa. Na jira dariya ko tambaya, bai yi ko ɗaya ba. Ya tofar da jini a tsumman ya ce, "Me ya sami tayar? Sabuwa ce fa, mai kyau."

Na gaya masa a gurguje. Ya dafe kai. Ashe takalman da aka saya musu da taya mai taushi suka zo. A sansaninsu suka bi su da farce ɗaya bayan ɗaya, suka ce an cuce su da jabu, suka kwance suka watsar, suka shiga kasuwa suka zaɓo masu taurin da babu kamarsu. "Har murna muka yi mun gano cutar da wuri," in ji shi. Na ce ya riƙe kocinsu kada ya ƙara zuwa wurin masu gasar, ina zuwa.

Ni ba ni da ikon barin wurin aiki, bas ɗinmu kuma sai yamma. Na laɓe bayan ƙofa na kira Yaya Danladi, yana kan rufin wani bene a Satwa, na roƙe shi ya ɗauko mini buhun tayoyin nan.

"Ɗan Kano, ka san in aka gan ni da motar kamfani a Sonapur da tsakar rana, sai dai mu koma gida tare?"

"Yaya, ƙasarmu ce fa."

"Ƙasar da ba ta san ina raye ba?" Ya yi tsaki, na ji yana zuba sifanu a jaka. "A ina ka ce buhun yake?"

Wannan jira ban taɓa yin irinsa ba. Na goge ƙofar gilashi ɗaya sau huɗu don in riƙa hango titi. Aka yi Azahar bai zo ba. Na kira bai ɗauka ba, na fara tunanin ko an tare shi, ko mai gadin Sonapur ya hana shi shiga ɗakinmu, ko na jawo wa bawan Allah korar da ya faɗa. Sai can na hango shi ya ratso wurin ajiye motoci da buhu a kafaɗa, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi a rijiya. Ya dire mini a ƙafa ya ce in ban ba shi ruwan sanyi yanzu ba, zai koma da kayansa.

A wani lungu bayan ɗakin canza kaya muka zazzage buhun, a cikin hutun cin abincina. Kocinsu ya ɗauki taya ɗaya ya danna da farce, ya yamutsa fuska ya ce ai wannan ita ce jabun da suka baro a gida, kuma tsohuwa. Ban tsaya musu da shi ba, na kwance ƙafar Auwalu na ɗaura masa takwas, na ce ya je ya gwada. Ya shiga a ɗarare, ya ɗan ƙara gudu, ya karya kwana. Taya ta yi ƙara ta kama ƙasa, ya tsaya cak. Ya juyo da kumburarren leɓensa ya daka mini kirarin da yake yi mini a titin Katsina. Nan take kowa ya zube ƙasa yana kwance takalmi. Ɗan Filifin ya kawo mana makullan kwancewa, Yaya Danladi na cire boris daga sababbin yana dannawa a tsofaffin, ni ina ware manya da ƙanana. Ba su isa kowa ba, sai aka ce waɗanda ƙafarsu ta zo ɗaya su riƙa musayar takalmi. Da suka miƙe, ƙafar kowa kala-kala kamar ta 'yan tashe.

Da wata ƙasar Asiya suka buga, mutanen da tun suna yara a kan irin daɓen nan suke. An ci mu, ba zan yi muku wata sabuwar ƙaryar ba. Amma a tsaye aka ci mu. Ana hutun rabin lokaci na shiga da mofa na goge gumin da ya ɗiga, a gaban tutarmu, takunkumi a haɓa, 'yan wasan na bubbuga sanda a katanga duk inda na wuce. Da aka dawo, Auwalu ya ƙwace faifan a tsakiya, ya ratsa tsakanin mutum biyu irin ratsawar tirela, ya zura shi a raga. Ban san lokacin da na cilla mofar sama ba. Mudir ya harare ni, sai dai ihun Yaya Danladi daga bakin ƙofa ya danne nawa, shi da ya ce ƙasar ba ta san da shi ba.

A makon nan wasa ɗaya suka ci. Kullum kafin su shiga sai an kawo mini takalma in duba, in juya tayar da ta ci gefe. Suka ɗauki ce mini Koci, har kocin nasu, kuma da gaske suke, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Kowa sai ya rungumo ni an ɗauke mu hoto, ni da yunifom ɗina ruwan toka. Ina murmushi ina lissafin wayoyi nawa ne tsakanin hoton nan da Fagge.

Ranar da za su tafi, Auwalu ya same ni a ƙofar baya da safe, ya miƙo mini wani ƙunshi a baƙar leda. Kilishi ne da dakakken yaji da sabuwar hula.

"Baba ya ce in gaya maka ka riƙe yaran mutane amana." Ya murza gemu. "Mutumina, ka san shi. Ranar da na sauka zai zo gidanmu. Me zan ce masa?"

Na shiga juya hular a hannuna.

"In ka ce in ce na gan ka kana koyarwa, zan faɗa. Ai ba ƙarya ba ce duka, ka koyar da mu. Yaran nan ma zan ce kowa ya riƙe hotonsa."

Wallahi na so in ce to. Kalmar ta zo har bakina. Amma na dubi leɓensa da bai gama warkewa ba, na ga zan ɗora masa kayan da ni kaina suka hana ni zama shekara biyu. Na ce, "Bar shi. Zan riga ka."

Da hutun rana na zauna a kan bokitina a bayan ginin na kira Baba. A Kano hantsi ne, ina jin ƙarar keken da yake gwadawa. Muka gaisa, ya tambayi ko saƙo ya iso, ya fara ba ni labarin wani tela da ya ce zai kawo ɗansa in ɗauke shi aiki.

Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba. "Baba, ni ba koci ba ne. Shara nake yi a wurin."

Keken ya tsaya.

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Aikin da aka ce mini babu shi."

Sannan ya ce, "Suna biyanka haƙƙinka?"

"Suna biya."

"Kana salla?"

"Ina yi, Baba."

"To ni tsintsiya ba ta dame ni ba, Nafi'u. Ni ma da baƙin mai a hannuna na ciyar da ku. Abin da ya dame ni, bakina ka ara. Shekara biyu ina tsayawa ina gaya wa mutane abin da babu shi, suna yarda don ni ne na faɗa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Hawaye suka zubo, na yi ta cewa ya yafe mini, ban ma san sau nawa na faɗa ba.

Ya ce, "Na yafe. Ka gaya wa Auwalu kada ya ce wa kowa komai. Ni na faɗa, ni zan warware, yau bayan Azahar. Tashi ka koma bakin aikinka kada su ce ka makara."

Na koma. An sauke tutoci, sai ni kaɗai a filin ina kankare sawun taya. Dubai ta riga Kano da awa uku, saboda haka duk layin da na gama sai na ɗaga kai na dubi agogon bango. Da ya nuna biyar saura na jingina mofar da katanga. Na san a daidai lokacin an sallame salla a Fagge, mutane na neman takalmansu, wani dattijo kuma ya tsaya a ƙofar masallaci yana cewa jama'a su ɗan dakata, yana da magana.